Aikatau marar gardama

Duk wanda ya zauna ajin lakwal a Tasawa ko Mayahi ya san ranar konjugezon. Mushe na tsaye gaban allo, yara na rerawa kamar masu tilawa: je vais, tu vas, il va, nous allons. Da an ce tafiyar gobe ce, sai kalmar ta rikiɗe ta koma j'irai. In yaro ya ruɗe ba laifinsa ba ne, domin aller, wato tafiya, gado ne daga kalmomin Latin daban-daban da suka cakuɗe tsawon ƙarnoni. Masu sauƙin ma ba su rasa tarko ba: parle, parles da parlent duk ɗaya suke a kunne, sai ranar dikte jan biro ya raba su.

Akwai waɗanda suka ga wannan wahala suka ce a sake zubi. A 1951 ƙungiyar IALA da ke New York, ƙarƙashin jagorancin Alexander Gode, ta fitar da ƙamus da nahawun wani ƙirƙirarren harshe mai suna Interlingua. Kalmominsa daga Italiyanci, Faransanci, Sifaniyanci, Fotugisanci da Ingilishi aka tato su, amma aikatau an yi masa aski. Ɗauki parlar, wato yin magana. Cire r ta ƙarshe, ka sami lokacin yanzu, kuma ko wa ke maganar bai canzawa: io parla, tu parla, nos parla, illes parla. Abin da ya wuce, ƙara va: parlava. Mai zuwa, ƙara ra: parlara. Haka vider, gani, yake ba da vide, videva, videra. Ƴan tsirarun da suka kauce wa layi su ne irin es, ha da va, waɗanda aka gajarta don yawan amfani. Abin da littafin konjugezon na Bescherelle ya cika shafuka da shi, a nan allon ɗalibi ɗaya ya ishe shi.

Bahaushe kuwa ba baƙon wannan tsari ba ne. Na tafi, kin tafi, mun tafi, za su tafi (ko tahi, yadda bakinmu ya saba a nan). Aikatau na zaune daram, ƙaramar kalmar da ke gabansa ce ke ɗauke da mai aikin da lokacin.

Sai dai kada mu cika baki. Namu rikicin yana wani gefen. Saurari mai gero a kasuwar Mayahi: ta sayi gero, ta saye shi, ta sayo, ta sayar, kaya ya sayu. Tushe ɗaya, wutsiya na juyawa, ma'ana na binta, har da hawa da saukar murya da rubutunmu bai nunawa. Masani F. W. Parsons ya kasa wannan juyin aikatau gida bakwai a 1960, kuma har yau a nan ne baƙo mai koyon Hausa yake cin tuntuɓe, ya ce ya sayi akuyarsa alhali sayarwa ya yi.