Ciwo Ba Ya Jiran Ranar Kwasar Adashi

Ya ke 'yar'uwa mai sana'a, ko man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ki ke yi a Rogo, ko kifin madatsar Challawa ki ke soyawa a ƙasar Karaye, wannan magana taki ce.

Ma'aikacin gwamnati in ya kwanta ciwo, albashinsa na nan. Ke kuwa ran da ba ki hura wuta ba, ran nan babu ciniki, ga kuma kuɗin magani. Daga ina za su fito? Daga jari.

Ni ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ne, na kuwa ga wannan da idona. Wata damina aka kawo mini yaro da zazzaɓin cizon sauro, kwana huɗu ya na kwance, jininsa duk ya ƙare. Na tambayi uwar abin da ya hana ta zuwa da wuri. Ta ce, "Malam, kwasata saura mako biyu." Sai da muka tura su babban asibiti aka yi masa ƙarin jini. Yaro ya tashi, amma akuyarta da kuɗin gyaɗarta sun tafi.

Adashi abu ne mai kyau, kada ki bari. Amma abin da ki ka zuba shi za ki kwasa, kuma sai ranarki ta zo. Taimakekeniyar lafiya dabam ta ke. Mutane da yawa su ke zuba kaɗan-kaɗan tun su na lafiya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga asusun. In shekara ta wuce ba ki kwanta ba, kuɗinki bai ɓata ba, ya yi jinyar wata.

A 2016 Jihar Kano ta yi dokar kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, watau KSCHMA. Ba ta ma'aikata kaɗai ba ce, masu sana'ar kansu ma su na shiga. Akwai kuma asusun da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, wanda ke biya wa marasa ƙarfi, musamman masu juna biyu, da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi.

To, ga abin yi. Ki je asibitin mazaɓarku da katinki na ɗan ƙasa, ki tambayi yadda a ke rajista, da kuɗin shekara, da irin jinyar da a ke yi a ciki. Sa'an nan ku shawarta da uwar adashinku, a riƙa ware wani abu kowane zubi, har kuɗin shekarar kowacce ya cika.

Kai kuma maigida, ka ba ta izini, ka kuma taimaka. Jarinta shi ne cefanen gidanka ran da rumbu ya yi ƙasa.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.