Masu Gadin da Ke Zaune a Cikin Fata

A shekarar 1983 wasu ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya a Biyana ta ƙasar Ostiriya, ɗaya a Dalas ta Amurka, suka ci karo da wasu ƙwayoyin halitta masu rassa kamar saiwar bishiya a saman fatar ɓera. Daga baya aka gane ƙwayoyin T ne, wato wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki. Harafin T ya samo asali daga taimus, 'yar halittar da ke bayan ƙashin ƙirji, inda ake rainon su.

Kowace ƙwayar T tana da abin da za mu kira makarɓi: sinadarin furotin a jikinta wanda take shaida baƙo da shi, yadda kowane kwaɗo yake da mabuɗinsa. A jini, makarɓan nan iri-iri ne har miliyoyi. Abin mamaki, na saman fatar ɓera kusan dukkansu makarɓi ɗaya suke ɗauke da shi, daga nau'in da ake kira gama-dalta. Tun ɓeran yana cikin uwarsa, wajen mako biyu da shigar ciki, suke fitowa daga taimus su tare a fata, kuma nan za su ƙare rayuwa. Aikinsu lura da maƙwabta: da zarar ƙwayoyin fata sun ji rauni, sai su janye rassansu, su fara fitar da sinadaran da ke sa sabuwar fata ta tofo. A 2002 Wendy Havran da abokan aikinta a cibiyar Scripps ta Kalifoniya sun nuna cewa ɓeran da ba shi da su, rauninsa kan daɗe bai rufe ba. Shekara ɗaya kafin nan an nuna irin wannan ɓera ya fi saurin kamuwa da dajin fata.

Sai dai mu yi hattara, ɓera ba mutum ba ne. Fatarmu ba ta da wannan runduna mai makarɓi ɗaya. Yawancin namu 'yan nau'in alfa-bita ne. Amma suna da yawa ƙwarai: binciken Rachael Clark na 2006 ya ƙiyasta kimanin biliyan 20 a fatar baligi, kusan ninki biyu na waɗanda ke yawo a jini.

Saboda haka idan muka ji labarin an warkar da wata cuta a ɗakin gwaji, mu fara tambaya: a jikin ɓera ne ko na mutum? Sannan mu duba man da muke shafawa. Da yawa daga mayukan bilicin suna ɗauke da sitiroyid irin su kulobetasol, maganin da aikinsa ke nan ya danne garkuwar fata. Likita kan rubuta shi na ɗan lokaci. Mai shafa shi shekara da shekaru kuwa, fatarta kan yi sirara, makero ya samu wurin zama, ƙaramin yanka ya ƙi warkewa. Mu karanta abin da aka rubuta a jikin kwali, in bai fito sarai ba mu nuna wa mai ilimin harhaɗa magunguna kafin mu saya.