Me Ya Sa Fentin Wata Mota Yake Walƙiya?

Watakila kun lura da motar da in rana ta haska ta sai ka ce an barbaɗa mata azurfa. To, ba azurfa ba ce. Alminiyam ne, ƙarfen nan da ake tukwane da shi. Akan niƙa shi ya zama 'yan falle-falle ƙanana, a gauraya da fenti, a fesa, sa'an nan a bi da wani fenti garai-garai a bisa.

Kowane falle kamar ɗan madubi yake kwance cikin fentin. Shi ya sa ƙofar motar takan yi haske in ka fuskance ta, in ka koma gefe ta yi duhu.

Amma fa gyaransa da wuya. In mai fenti ya jiƙa feshinsa, wurin ya yi duhu; in ya fesa a bushe, ya yi fari-fari. Ko da gwangwani ɗaya ne, faci yakan fito. Saboda haka gwani yakan baje feshin har kan ƙofar da ke kusa, don ido ya kasa gane iyaka.

Wanda zai sayi tsohuwar mota, sai ya dube ta cikin rana, daga gefe. Nan asirin gyara yakan tonu.