Kaji Sun Shiga Akurki, Ina Kyanwa Za Ta Kwana?

Kowace yamma, in rana ta kusa faɗuwa, akwai aikin da ba a mantawa da shi a gidajenmu. Yara su kan kora kaji zuwa akurki su toshe ƙofa. A kan ɗaure awaki a turke, a ƙirga tumaki, a ga ko sun cika. Muna yin haka domin mun san dare rigar mugu ne. Amma akwai dabba guda wadda ba a ƙirga ta, ba a kuwa tambaya inda ta ke, watau kyanwa. A gidaje da yawa ma a lokacin ne a kan kore ta waje a rufe ƙofa, a ce ta tafi ta nemi ɓera. Wata rana kuma sai gari ya waye ba a gan ta ba. Yara su yi ta kira har kwana uku, manya su ce, "Ta canja gida ne." Wani lokaci gaskiya ne. Sau da yawa kuwa wani abu ne ya cinye ta.

A wannan wata muna so mu duba dalilin da ya sa ya kamata kyanwa ta kwana a ɗaki, da yadda za a koya mata.

Mafarauciya ce, amma ƙarama ce

Kyanwar gida jikanyar kyanwar daji ce, irin wadda har yanzu ta ke zaune a dazuzzukan Afirka da ƙasashen Gabas ta Tsakiya. Sa'ad da mutane suka fara noma suna tara hatsi, ɓeraye suka taru, kyanwar daji kuwa ta biyo su har cikin gari. Zaman nan ya daɗe ƙwarai. A shekara ta 2004 masana suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus inda aka binne mutum tare da kyanwa, shekara wajen 9,500 da suka wuce.

Saboda ta iya farauta, mu kan ɗauka babu abin da zai same ta. Lalle tana da ido, gama kashi ɗaya cikin shida na hasken da mutum ya ke bukata ya ishe ta gani. Tana da kunne, tana da farce, ta iya hawan itace. Amma nauyinta bai wuce kilo 3 zuwa 5 ba. Babbar kura ta kan kai kilo 60, har ta fi. Lokacin da kyanwa ta fi son yawo kuma, watau da almuru da kuma da asuba, shi ne daidai lokacin da manyan mafarauta su ke fitowa. A gaban ɓera ita sarauniya ce, amma a bayan danga ita ma nama ce.

Su wane ne ke jiranta a waje?

A ƙauyukan da ke kusa da duwatsu ko daji, kura da dila su kan zo bakin gari da dare domin juji da mushe. Ko da ya ke kuraye sun ragu ƙwarai a wurare da yawa, dila bai tafi ko'ina ba. Mesa tana nan a fadama da bakin rafi, wadda ta ke haɗiye ɗan akuya kuwa kyanwa ba ta yi mata girma ba. Babbar mujiya, mai kama bushiya da zomo, tana iya ɗauke 'yar kyanwa ba tare da an ji motsin fiffikenta ba. Da rana kuma shaho da gaggafa ba su bambanta ɗan tsako da ɗan kyanwa. Ga kuma macizai, kasa da kububuwa da gamsheƙa. Kyanwa ta kan yi faɗa da su, wani lokaci ta yi nasara, amma sara ɗaya ya isa.

Masu zama a gari kada su ce wannan ba ruwansu. Karnukan da ba su da mai su, masu yawo ƙungiya-ƙungiya da dare, sun fi kura ɓarna a unguwanninmu. Ga motoci da babura. Ga kuma ɓeran da ya ci guba a gidan maƙwabci ya fito yana tangaɗi, kyanwa ta kama shi ta ci, gubar ta bi ta kanta.

Abin da aka ƙirga a Amurka

Mu a nan in kyanwa ta ɓace sai mu yi ta zato. Amma akwai inda aka bi sawun abin aka ƙirga, za mu kuwa iya koyon wani abu daga wurinsu. A Amurka akwai wata dabba mai kama da dila, ta ɗan fi shi girma, ana ce da ita koyoti. Da can a daji ta ke, amma yanzu ta saba da manyan birane, tana yawo a tituna da dare.

A birnin Tucson na jihar Arizona masana suka bi waɗansu koyoti suna lura da su. A rahoton da suka fitar a shekara ta 2009, sun ga koyoti sun gamu da kyanwa sau 36. A cikin 19 an kashe kyanwar. Yawancin gamuwar kuwa tsakanin faɗuwar rana da fitowarta ne. A Los Anjeles kuma aka tattara kashin koyoti aka bincika abin da suka ci. Rahoton 2020 ya nuna akwai ragowar kyanwa a kashi 20 cikin 100 na kashin da aka samo a cikin birnin.

Saboda haka likitocin dabbobi a can su kan ba mutane shawara su riƙe kyanwarsu a gida, ko a ƙalla su shigar da ita kafin duhu. A Kanbera, babban birnin Ostareliya, abin har ya zama doka. Duk kyanwar da aka haifa daga 1 ga Yuli 2022, tilas ta zauna a harabar gidan mai ita. Sun yi wannan domin su kāre tsuntsaye da ƙananan dabbobin ƙasarsu daga kyanwa, su kuma kāre kyanwar kanta.

Mu ba mu da koyoti, gidajenmu kuma ba irin nasu ba ne. Amma darasin ɗaya ne: dare ne lokacin hatsari, bango da ƙofa kuwa su ne maganinsa.

To, wa zai kama ɓeran?

Wannan ita ce tambayar da kowane maigida zai yi, tana kuwa da kyau. Ba don ado mu ke kiwon kyanwa ba. Amma bari mu tambayi kanmu, ɓeran da ke cutar da mu, ina ya ke kwana? Ba a gona ba ne, ba kuwa a bayan gari ba. Yana ɗakin ajiya, yana madafa, yana bayan buhunan masara da dawa, yana cikin rufi. In mun kori kyanwa waje mun rufe ƙofa, mun fitar da mai gadi ke nan mun bar ɓarawo a ciki.

Maganar ba ta hatsi kaɗai ba ce. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gane shi a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, wani irin ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da shi. Yana barin fitsarinsa da kashinsa a kan abinci da kwanoni, mutane su kamu. Cutar ta fi yawa da rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da hatsi ke gida. A cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar domin hana ta akwai rufe hatsi a mazubi mai murfi, da zubar da shara nesa da gida, da tsabta, da kuma kiwon kyanwa. Kyanwa ita kaɗai ba za ta iya ba, amma tana cikin masu taimako. Gidan da ya rasa kyanwarsa a watan Janairu ya yi hasarar da ta fi kukan yara.

In an sami mushen ɓeran da ta kashe, kada a ɗauka da hannu. A sa shebur ko leda, a binne shi, a wanke hannu da sabulu.

Yadda za a koya mata

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. 'Yar kyanwa ta fi saurin sabo, amma babba ma ta kan koya in an yi haƙuri.

1. A mai da babban abincinta na yamma. Kowace rana kafin magariba a kira ta da murya iri ɗaya, ko a buga kwanonta, a ba ta abinci a cikin ɗakin da za ta kwana, sa'an nan a rufe. Wadda ta ƙoshi tun la'asar ba za ta amsa kira ba.

2. A zaɓi ɗakin da ya dace. Ɗakin ajiya ko madafa ya fi kyau, in dai an rufe abinci sosai. Ya zama yana shan iska, musamman da bazara. In taga a buɗe ta ke, a sa mata raga ta waya. Kada ta kwana a ɗakin jariri, gama tana son ɗumi, tana iya kwantawa a jikinsa.

3. A ajiye mata tsohuwar tasa mai faɗi cike da yashi busasshe. Kyanwa mai tsabta ce, ita da kanta za ta haƙa ta rufe. A sa tasar nesa da abincinta, a kwashe kowace safiya, a wanke hannu. Mace mai ciki kada ta yi wannan aiki, domin akwai wata cuta a kashin kyanwa da ke iya taɓa ɗan da ke ciki.

4. A ba ta ruwa mai tsabta, da kwali ko tsohon buhu na kwanciya, da guntun itace da za ta riƙa wasa farcenta a kai, don kada ta yage buhunan hatsi.

5. Kwana biyu ko uku na farko za ta yi kuka a bakin ƙofa. Kada a buɗe. In aka buɗe sau ɗaya ta koyi cewa kuka na buɗe ƙofa.

Sabuwar kyanwa da aka kawo daga wani gida, a riƙe ta a ɗaki mako biyu ko uku, dare da rana, har ta san nan ne gidanta. In ba haka ba za ta kama hanyar komawa, a hanyar kuwa yawancinsu ke hallaka.

Mai ciki kuma a lura da ita. Kyanwa ta kan yi wajen kwana 63 zuwa 65 kafin ta haihu, ta kan kuwa nemi lungu, wani lokaci a ƙarƙashin rumbu ko cikin tarin kara, inda maciji da kare ke isa. A shirya mata kwali a ɗaki tun da wuri. 'Ya'yan ba su buɗe ido sai bayan kwana 7 zuwa 10, ba su da wata kāriya sai uwarsu. Muzuru kuwa neman mace ne ke kai shi nesa. In likitan dabbobi ya yi masa fiɗiya, yawo da faɗa su kan ragu, farautarsa kuwa ba ta raguwa.

In ta dawo da rauni

Kyanwar da wata dabba ta ciza ba abin wasa ba ce, saboda ciwon haukan kare. Wannan ciwo na kashe mutane wajen 59,000 kowace shekara a duniya, yawancinsu a Afirka da Asiya. Kare ne ya fi yaɗa shi, amma dila da kyanwa ma suna kamuwa, suna kuma ba mutum. A lulluɓe ta da tsumma mai kauri kafin a ɗauka, a hana yara taɓa ta, a kai ta asibitin dabbobi. Kada a ba ta Panadol ko wani farasitamol, gama ko rabin ƙwaya na iya kashe ta. In ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti a ranar. Kada a jira a ga alama, domin in alama ta fito magani ya ƙare.

Rigakafi ya fi magani. Ana yi wa kyanwa allurar haukan kare tun tana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya faɗa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana haɗa irin waɗannan allurai. A tambaya a ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma.

Aikin yara ne

Akwai masu tsoron kwana gida ɗaya da kyanwa domin idonta na walƙiya cikin duhu, har su ce mayya ce. Babu maita a ciki. A bayan idonta akwai wani abu kamar madubi mai mayar da haske, shi ne ke taimakonta gani. Idon akuya da na saniya ma haka su ke yi in an haska su da tocila, ba wanda ya taɓa korarsu saboda wannan.

Mu da ke koyarwa mun lura yaron da aka danƙa wa wata dabba ya kan koyi kula da lokaci da riƙon amana fiye da wanda aka yi ta yi wa faɗa da baki. Iyaye, ku zaɓi yaro ɗaya ku ce masa kyanwa tasa ce. Shi zai kira ta, shi zai ba ta abinci, shi zai buɗe mata bayan rana ta fito. Kafin a ci tuwon dare, sa'ad da Baba ya tambaya ko an rufe kaji, ko awaki sun cika, bari ya ƙara tambaya ɗaya: "Kyanwa fa, ta shigo?" Kowa ya kwana lafiya, shi ya so.