Rigar Sanyin Mai Kwana a Waje: Abin da Mafarauci da Masunci Za Su Duba a Kasuwannin Umdurman

Wanda bai taɓa zama a Sudan ba, in ka ce masa ana rububin rigar sanyi a Umdurman, dariya zai yi. Gari ne da zafi ke haura digiri 40 a watan Mayu. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa na gangarowa daga hamada, ta kawo abin da mutanen nan ke kira "sagat", wato hunturunsu. A Janairu rana kan kai digiri 30, da asuba kuma a sauka wajen 15, wasu dararen ma ƙasa da 10. Mai kwana a ɗaki bargo ya ishe shi. Mai kwana a fili kuwa, labarinsa daban.

Irin waɗannan mutane su ne abokan cinikina tun da na fara buɗe dilar gwanjo: masu fita farautar zomo da tsuntsaye a bayan gari, masunta 'yan'uwanmu da ke kwana a kwale-kwale a Jabal Auliya don kifi ya iso Maurada da sassafe, masu gadin shaguna, da yaran mota da ke bin hanyar Dongola a saman kaya. Kusan dukkansu hanya ɗaya suke zaɓe: su ɗaga riga su ji nauyinta, in ta yi nauyi su ce ta yi. To, nauyi ba shi ne ɗumi ba.

Sanyin nan ta ƙofa uku yake shiga

Riga ba ta haifar da zafi. Jikinka ne murhun, ita kuwa aikinta ta tsare iskar da jiki ya ɗumama kada ta gudu. Abu uku ke ɓata wannan aiki.

Na farko iska. Tana ratsa saƙa ta kwashe ɗumin, shi ya sa suwaita mai kauri ba ta tsinana komai a saman mota. Na biyu jiƙa, ko ta gumi, ko ta raɓa, ko ta feshin ruwa. Ruwa na janye zafin jiki fiye da iska kusan sau 25. Na uku zama wuri ɗaya. Mafarauci kan yi tafiyar sa'a biyu ya yi gumi, sannan ya laɓe shiru yana jira. A wannan zaman ne sanyi ke kama shi, ba a tafiyar ba.

Kada a raina lamarin don babu ƙanƙara. Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, mutum ya shiga haɗari, kuma jiƙaƙƙen mutum a cikin iska na iya kaiwa nan ko da yanayi na digiri 10. Alamunsa makyarkyata mai ƙarfi, harshe ya yi nauyi, hannu ya kasa ɗaure igiya, sai ruɗewa da jin barci. In ka ga haka ga abokin tafiya, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a ba shi shayi mai sukari in yana iya sha, a nemi asibiti.

Me aka cusa a ciki?

Rigunan da ke fitowa daga dila yawanci iri uku ne.

Akwai mai laushin gashin agwagwa ko dinya, wadda za ka ga an rubuta "down" a takardar wuyanta. Wani Ba'amurke mai suna Eddie Bauer ne ya yi wa irin wannan riga rajista a 1940, bayan sanyi ya kusa kashe shi a wata fita kamun kifi. Babu abin da ya kai ta ɗumi a kan rashin nauyi. Lambar da ake bugawa, 550 ko 650 ko 800, tana nuna yadda gashin ke kumbura ne; babbar lamba, kyakkyawan gashi. Aibinta guda: da ta jiƙe sai gashin ya dunƙule, ta zama tsumma, kuma ba ta bushewa da wuri. Ƙaya ɗaya ta bagaruwa in ta farke ta, sai ka ga gashi na bin iska. Ga mai gadi ko direba ta yi daidai. Ga masunci, ban ba da shawara ba.

Akwai mai cushen zaren roba, wato foliyesta. Sunayen da suka fi fitowa su ne Thinsulate na kamfanin 3M, da PrimaLoft wanda aka ƙirƙira domin sojojin Amurka a shekarun 1980, don a samu abin da zai riƙe ɗumi ko ya jiƙe. Ana auna shi da giram: 60 mara nauyi ne, 100 matsakaici, 200 na ƙasashen ƙanƙara. A sanyin Hartum, daga 60 zuwa 100 ya wadatar in akwai wata riga a ciki. Wannan ita ce rigar da na fi miƙa wa mai kwana a bakin ruwa, ga araha ga jure wanki.

Sai mai laushi kamar bargo, da kuma ta ulu. Dukansu suna da ɗumi ko sun ɗan jiƙe, ba sa kuma ƙara in an motsa, amma iska na ratsa su. Wurinsu tsakiya, ba sama ba.

Auduga fa? Jallabiya da arragi sarakai ne da rana, amma auduga tana shan gumi ta riƙe shi a jiki. Wanda zai kwana a waje, kada ya sa ta a matsayin rigar da ke manne da fata.

Uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri

Tsakanin asuba da azahar a nan akwai tazarar digiri 15. Mai riga ɗaya ƙatuwa zaɓi biyu gare shi: ya dahu ko ya daskare. Dabarar ita ce hawa uku: singileti mai dogon hannu na roba ko ulu a jiki, suwaita a tsakiya, sai rigar tare iska a sama. In za ka yi tafiya, cire ta saman tun kafin gumi ya keto. Da ka tsaya, mayar da ita nan take. A ƙara da hular sanyi da safa da shal a wuya. Sau da yawa wanda ke kukan rigarsa ba ta da ɗumi, kansa ne da ƙafarsa a buɗe.

Mafarauci ya ƙara duba abu biyu. Ya goga hannun rigar a gefenta: in ta yi ƙarar leda, zomo zai ji shi tun daga nesa. Ya kuma ɗaga hannuwa sama kamar zai yi jifa: in ta ɗaure kafaɗa ko ta buɗe ƙugu, ba tasa ba ce. Masunci kuwa ya guji doguwar riga mai kaiwa gwiwa, ya nemi mai zif ɗin da ke buɗewa da hannu ɗaya. In kwale-kwale ya kife, Allah ya kiyaye, riga mai shan ruwa ita ke hana iyo.

Kowa kuma ya tuna nailan da foliyesta narkewa suke yi. Tartsatsin gawayi ɗaya a wajen mai shayi ya isa ya huda riga, in kuwa ta kama sai ta manne a fata.

Launi: nan ne maganar ta fi nauyi

Mafi ingancin rigunan farauta da ke zuwa a dila masu zanen ganye da ƙasa-ƙasa ne, kamar kakin soja. A da su ake fara wawashewa. Yau ina ware su gefe, ba na rataye su. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, sutura ta zama shaida a garin nan. Ko bayan da sojoji suka karɓe Hartum a Maris 2025, shingayen bincike na nan, kuma saurayi baƙo sanye da riga mai kama da kaki, da asuba, a bayan gari, ya sayo wa kansa tambayoyin da ba lallai ya iya amsawa ba. Ko a Najeriya sojoji sun sha gargaɗin farar hula kan sa irin wannan kaya. Iyaye mata, ku duba abin da yaranku ke sayowa. Toka-toka, ruwan ƙasa mai duhu ko shuɗi mara zane sun ishi mafarauci. Rashin motsi da bin iska ke ɓoye mutum ga dabba fiye da zane.

Za ku kuma ga wasu masu ruwan lemo mai haske. Mafarautan Amurka ke sa su don kada ɗan'uwansu ya harbe su bisa kuskure, jihohi da dama ma doka ce. A wajenmu masunci suka fi wa amfani, don ana hango shi a kan ruwa.

Game da farautar kanta, gaskiya ɗaya ce: filayen da aka yi faɗa a cikinsu akwai harsasai da bama-baman da ba su fashe ba, fita da bindiga kuma a wannan lokaci neman fitina ne. Zomo bai kai ran mutum ba.

Gwaji biyar kafin ka biya

Ko a Suk Sabrin kake, inda ciniki ya koma lokacin yaƙi, ko a Suk Libya, ko babbar kasuwar Umdurman, kada kunya ta hana ka gwaji. Kafa bakinka a jikin yadin ka hura da ƙarfi. In ka ji iska a tafin hannunka ta ɗaya gefen, iskar arewa ma za ta wuce. Damƙe cushen ka saki. Mai rai zai kumburo, mataccen zai kwanta. Ɗaga ta ga rana ka duba wuraren da haske ke ratsawa, musamman kafaɗa da gwiwar hannu. Ja zif sama da ƙasa sau uku. Sannan gwada ta a kan suwaita, ba a kan arragi kaɗai ba, ka tabbata bakin hannu da ƙugu suna tsukewa. In ka kai gida, a wanke a shanya a rana sosai kafin a sa, saboda kuɗin cizo da ƙaiƙayi.

Ga 'yan'uwana masu sari

Kada mu cika shago da rigunan ƙanƙara don sun fi kyan gani. Mai sayensu shi ne mai hanyar Wadi Halfa ko Alkahira, inda daren Janairu ke sauka wajen digiri 10 ko ƙasa, ga yayyafi a Masar. Na cikin gari matsakaiciya yake buƙata, da hula da safa. Kayan yara kuma su ke fara ƙarewa, don iyalai da yawa sun dawo gidajen da babu ƙofa babu taga. A irin gidajen nan ne ake shigar da gawayi ɗaki a toshe ko'ina, hayaƙinsa kuwa ba ya wari, a barci yake kisa. In uwa ta zo sayen rigar ɗanta, ka faɗa mata wannan kyauta.

Mu tambayi mai saye inda zai kwana kafin mu miƙa masa riga. Wanda ka sayar wa abin da ya fisshe shi a bana, shi zai kawo maka ƙaninsa baɗi. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa mu ga bayan sanyin nan cikin rufin asiri.