Me Ya Sa Jarumin Da Ka Zana Ya Fito A Baje Kamar Faifai?

Ka yi kwana biyu kana zanen jarumi guda, ka gyara ido, ka cika masa damtse, ka ɗora a Instagram, amma jama'a suka wuce ko tsayawa ba su yi ba. Kafin ka ɗora wa fensir laifi, tambayi kanka: daga ina kake kallon jarumin nan?

A littattafan komik na Amurka akwai shafin da ake kira pin-up, wato shafi guda cur da aka ba jarumi shi kaɗai, ba labari, sai tsayuwarsa. Kamfanin Marvel ya yi ta saka irinsa a shekarun 1960 don yara su cire su manna a bango. Tunda babu labarin da zai tallafe ka, tsayuwar ce kawai za ta yi magana, kuma nan ne dabarar nesa da kusa take shigowa.

Dabarar ta daɗe. Filippo Brunelleschi ne ya gwada ta a birnin Fulorans na Italiya a farkon ƙarni na 15, Leon Battista Alberti kuma ya rubuta ƙa'idojinta a 1435. Asalinta abu ne da ka sani: dubi layin dogo, ƙarafan biyu ba sa haɗuwa, amma idonka yana ganin sun haɗe can nesa. Wurin haɗuwar shi ne ɗigon ɓacewa, kuma yana zaune a kan layin da ya yi daidai da tsayin idonka.

To, ja wannan layin ido tun kafin ka zana kai. In ka sa shi ƙasa, wajen gwiwar jarumi, mai kallo zai ji kamar yana tsugune a gabansa, jarumin ya yi kwarjini. In ka kai shi sama, sai ya koma ɗan ƙarami abin tausayi. Ɗigo ɗaya ya isa in kana kallon titi gaba da gaba. Biyu kake bukata in kana tsaye a kusurwar gini. Na uku yana shigowa ne in ka ɗaga kai sama ko ka leƙo daga bene.

Inda da yawa ke faɗuwa shi ne gaɓar da ta nufo mai kallo. Jack Kirby, wanda shi da Joe Simon suka ƙirƙiro Captain America a 1940, ya yi suna da dunƙulen hannu da ke fitowa kamar zai fasa takarda. Dunƙulen ya fi kai girma, damtsen kuma ya gajarce ya ɓuya a bayansa. Zuciyarka za ta ce hannun ya yi gajere, a ƙara masa tsawo. Kada ka biye mata.

Ga aikin wannan mako. Sa ƙaninka ya hau benci ya miƙo maka hannu, ka durƙusa ka ɗauke shi hoto da waya. Ɗauki rula, zana akwati da layukansa suka nufi ɗigon ɓacewa, sannan ka gina jikin a ciki: ƙirji akwati, hannu kamar gwangwanaye jere. Ido da kala su jira sai ƙarshe. Mai neman wanda zai zana masa bangon littafi tsayuwar yake fara dubawa, in ta karkace ko kalar ba zai kalla ba.