Mubi Ba Ta Da Teku, Amma Tana Da Sukur

A ƙasashen Turai, in lokacin hutu ya zo, miji da mata sukan haɗu da abokansu su kafa tanti a bakin teku, ko kuwa su shiga babban jirgin ruwa su yi kwana da kwanaki suna shaƙatawa. Mutumin Mubi ba shi da teku, sai kogin Yedzaram. Amma Allah bai hana shi abin kallo ba.

Arewa da garin, cikin duwatsun Mandara a yankin Madagali, akwai Sukur, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, ta farko ke nan a Nijeriya. Da ƙafa ake hawa, ta hanyar da kakanni suka shimfiɗe da duwatsu, har fadar sarkinsu, Hidi.

Sai dai a 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi, suka kuma kai wa Sukur hari, baƙi suka ɗauke ƙafa. An ƙwato Mubi cikin Nuwamba na shekarar. Saura hukuma ta tabbatar da tsaron hanya, don magidanci ba ya kai iyalinsa inda zai kwana cikin fargaba.